Ƙwan Ƙofar Gidan Inna Dije

Ranar da aka kashe ƙwan lantarkin Inna Dije har yau ba ta fita a raina ba, kuma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan gara ku ji daga bakina.

Da bazarar bara ne ƙungiyar unguwarmu a Birnin Kudu ta ɗauke mu, mu matan aure, aikin sa kai na tsimin wutar lantarki. Malam Sabo ne shugaba, shi ke magana da maza, mu kuma mu shiga gidaje. An koya mana cewa ƙaruwar zafi da rikicewar damina suna da nasaba da makamashin da ake ƙonawa a banza. Ni dai abin da ya kama zuciyata shi ne Allah ba Ya son almubazzaranci. Ƙa'idar farko: kada a bar ƙwai a kunne da rana.

Inna Dije tsohuwa ce, ita kaɗai a gidanta na bakin hanya. Makunnin ƙwan ƙofarta kullum a kunne yake, da wuta ko babu. Ta shimfiɗa mini tabarma, na yi mata bayani. Ta ce, "To, 'yar nan. Ku ne masu ilimi." Ta tashi da kyar ta kashe. Na fito ina hamdala.

Kwana biyu sai ga Gwaggo Hanne, wadda ta zo daga Sara yi wa 'yarta wankan jego, da bokiti wayam.

"Ke ce mai kashe ƙwai?"

"Ni ce, Gwaggo."

"To sannu da aiki. Tankin masallaci ko ɗigo babu. Maijego tun jiya ba ta ga ruwan zafi ba. Da me zan gasa ta, da bayanin naku?"

Na rasa me ya haɗa ƙwai da tanki. Ashe Malam Iro ladan, mai kunna injin jan ruwa, a rumfarsa yake wuni, kuma ƙwan Inna yake kallo. Da ya kama, ya san an kawo wuta, sai ya ruga ya kunna inji. An kawo wuta da hantsi, an ɗauke kafin la'asar, kowace mace a ɗakinta tana zaton ya gani.

Da yamma muka kwashi ruwan randunanmu muka kai wa maijego. Daga nan na wuce wajen Inna.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kin tako gidana da magana mai kyau, in ce miki a'a? Ba ni da ƙarfin jan guga, ba ni da abin sadaka. Da ƙwan nan nake shayar da mutane."

Sai da na share ido da mayafi.

Malam Sabo ya ce abu mai sauƙi, a sa mata ƙaramin farin ƙwai mai tsimi. Aka sa. Malam Iro ya ce shi fa idonsa ba ya ganin farin abu a cikin rana.

Na ce wa Malam Sabo, "To a mayar da tsohon, Malam."

"Shi ya fi kowanne shan wuta!"

"In babu shi kuma janareta za a tayar a ja ruwa."

Ya cire hula ya sosa kai. Na ce, "To wanne ne tsimin?" Ya ce shi ma ni zai tambaya.

Tsohon aka mayar. Har yanzu in na wuce na gan shi yana ci da rana tsaka, hannuna ƙaiƙayi yake, zuciyata kuma ta ce Allah Ya ƙara wa Inna lada. Ban san wanne ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, mutanenmu suna da kara, "to" ɗinsu ba kullum yarda ba ce. Kafin ku ce wa tsohuwa ta kashe, ku fara tambayarta wa take kunna wa.