Ƙwan da Ba Ya Zafi

Duk direban tirelar da ya taɓa ɗaukar dilolin atamfa daga Kantin Kwari ya san Oga Celestine, mai gyaran wutar mota a bakin titin Fagge. Ni faci nake yi, rumfata tana jikin tasa, saboda haka wannan labari a idona aka yi shi.

A Sabon Gari aka haife shi. Yaƙin basasa ya kore su Kudu yana yaro, da aka gama uwarsa ta dawo da shi, ta ce ita ba ta san wani gari ba. Hausa a bakinsa kamar ɗan unguwar Kwaciri. Ya koyi aikin waya, ya auri Veronica mai sayar da abinci, ya kafa rumfarsa. Fitilun baya su ne gwanintarsa, wato danja da sigina, waɗanda idan suka mutu a hanya ƙaramar mota take shigewa ƙarƙashin tirela.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa yana murnar farar hula, shi kuwa idonsa ne ya fara tafiya. A asibiti aka ce masa ciwon ba ya warkewa, sai dai ƙaruwa. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, kuma yana da gaskiya. Wa zai ba makaho wayar motarsa? Ranar da direbobi suka sani rumfar ta mutu, shi kuwa ba shi da wata sana'a.

Sai ya koma aiki da yatsu. In ya gama haɗa waya, ya ce wa direba ya taka birki kada ya saki, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙwan fitilar. In ya ji zafi, ta kama. Direbobi suka ɗauka salo ne, har suna tsokanarsa wai albarka yake sa wa danja. Shekaru aka kwashe a haka, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Wata rana da hantsi Alhaji Modu ya zo, mutumin Barno ne, daɗaɗɗen direba, wanda suka sha cin abinci a kwano ɗaya da Celestine. Ya miƙo masa kwali.

"Oga, sababbin ƙwayaye ne, LED ake ce musu. Ba sa cin batir, ba sa ƙonewa. Cire tsofaffin nan ka sa min su."

A lokacin na tafi kai taya unguwar Bata. Da na dawo, sai na tarar da wayoyin bayan tirelar a zube a ƙasa kamar hanjin akuya, Celestine ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya sa ƙwayayen daidai tun farko. Shegun ƙwayayen nan ashe haske kawai suke yi, ba sa zafi. Ya taɓa ya ji sanyi, ya kwance, ya sake haɗawa, ya sake taɓawa. Ga rana ta take, jan hasken ba ya isa idonsa. Direbobin da ke jiran lodi kuwa suna zaune a benci suna kallo, suna zungurin juna, ba wanda ya gaya masa fitilar tana ci.

Kafin in ƙarasa wurinsa ya ɗaga murya. "Alhaji, an cuce ka. Jabu aka sayar maka, ko ɗaya bai kama ba."

Modu ya sa wani ya taka masa birkin, ya sauko ya zagayo. Danja tana ci jawur, tafin Celestine yana kanta.

"Oga, ai ga ta nan tana ci," in ji Modu.

Wani direba, Abdulƙahhar, marar kunyar banza, ya taso ya kaɗa hannu a gefen fuskarsa. Celestine ko ƙiftawa bai yi ba. Benci ya kwashe da dariya. Wallahi ban taɓa tsanar mutane kamar ranar ba.

Modu bai yi dariya ba. Ya tattara wayoyinsa ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Oga." Ya ja motar zuwa wani gareji.

Labari ya gama Fagge kafin la'asar. Mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru yana lalube suka fara cewa Allah ne ya kiyaye su. Ko canjin fis aka daina kawo masa. Duk da haka kullum Veronica takan sa shi a adaidaita daga Sabon Gari, ya buɗe rumfa, ya jera filaya da salatif, ya zauna yana sauraren titi.

Rannan wata tirela ta taho, ta rage gudu daidai rumfarmu, sannan ta ƙara wuta. Ya juyo wajena.

"Malam, Modu ne?"

Na ce ba shi ba ne.

"Shi ne," in ji shi. "Na san kukan injinsa."

Washegari Celestine bai zo ba, bai kuma aiko a kwashe kayansa ba.