Gizakar da Mai Dashe Ba Ta Gane Ba

Duk unguwa da Mai Dashe aka san ta. Shekara da shekaru tana bakin titi a tsakiyar ledojin dashen lemo da gwaiba, hannu kullum cikin laka, baki kuwa ya fi almakashinta kaifi. Ba ta iya ba da haƙuri ba. In ta ɓata wa mutum, sai dai ya wayi gari ya tarar da dashe a ƙofar gidansa.

To, ɗanta na fari ba shi da wurin shuka. A saman bene yake haya, a wani gari, yana aikin binciken ƙwari. Ranar da ta kai musu ziyara ta ga kwalabe jere a ɗakinsa, a gaban matarsa ta ce, “Duk karatun nan, ashe a kiwon tsutsa ka ƙare?” Ya yi dariya. Amma tun daga ranar ya daina kira, gaisuwarsa ta koma saƙon waya.

Wata safiya ta shiga daji ɗibar baƙar ƙasa, sai ga gizaka a bayan ganye, gashi buzu-buzu, baƙa mai ratsin ja. Da can takalmi za ta sa mata. Ran nan sai ta karyo reshen, ta zura a kwalba, ta huhhuda murfin.

“Malam, ɗauki hotonta ka tura masa,” ta ce da mijinta, tsohon direba. “Ka ce ina tambaya mece ce.”

“Ke? Wa ya yi ta shafa masa mai yana yaro, da gizaka ta kumbura masa wuya?”

“Hoto na ce, ba tarihi ba.”

Da la'asar wayar ta yi ƙara. Sai da ta goge hannu a zani har sau biyu kafin ta ɗauka.

“Umma, kada ki taɓa ta da hannu, tana sa ƙaiƙayi.”

“Au, haka ne? Ka ga ni ban sani ba.”

Ta san ya gano ta.

“Irinsu suna da yawa,” ya ce daga baya. “A hoto ba zan tantance ba, sai na gani da idona. Ki riƙa ba ta ganyen da kika same ta a kai, ba lallai ta ci wani ba.”

Kullum da safe sai ta taka har dajin don ganye. Malam ya ce ko shi bai taɓa samun wannan gata ba.

Ana gobe zai zo, ta duba kwalba: babu gizaka, sai wani ƙulli na gashi manne da reshe. Me za ta nuna masa? Me zai zaunar da shi?

Ya iso da matarsa, ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana juya ta.

“Ta naɗe kanta, Umma. Sai ta fito da fukafukai zan tabbatar da wace irin faɗa-wuta ce.”

“Yaushe ke nan?”

“Ba a sa musu rana. Dole in riƙa leƙowa.”

Mai Dashe ta kau da kai, ta shiga laluben ledojinta kamar ta yar da wani abu. Can ta ɗago da ɗan dashen lemo a gwangwani, ta miƙa wa surukarta ba tare da ta dube ta ba.

“Ungo, 'yata. Wannan ko a bakin taga yana rayuwa.”