Daga Gorton zuwa Falon Surukina

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihi ya san ba takobi ne ke rushe dauloli ba, haraji ne. Sarakuna sun rasa gadon mulki a kan jangali, birane sun yi bore a kan kuɗin gishiri, kuma ba a taɓa tafka wani zalunci a bayan ƙasa ba sai da wani ma'aikaci ya fara rubuta lamba a layin da ba nata ba. Da wannan nauyin tarihi a kafaɗata na bar Manchester ranar Talatar da ta wuce, na nufi Birmingham, domin in sa a sauko da gidan surukina daga band C zuwa band B.

Ga wanda bai zauna a ƙasar nan ba, kowane gida a Ingila yana biyan harajin gida da ake kira council tax, kuma an jera gidajen rukuni-rukuni daga A zuwa H, gwargwadon kuɗin da aka ƙiyasta gidan zai yi a kasuwa a watan Afrilun 1991. Ana ma faɗin cewa wasu masu ƙiyasin ba su sauka daga mota ba, leƙe kawai suka yi ta taga suka wuce. Surukina, mahaifin matata, wanda muke kira Baba, mutumin Zangon Kumasi ne. Ya fi shekara talatin a unguwar Small Heath ta Birmingham, ya yi ritaya daga masana'anta. Gidansa yana C, na damansa da na hagunsa duk suna B. Rufin yana yoyo, fansho ba ya kaiwa, 'ya'yansa maza biyu kuwa sun riga sun nemo masa flat a Erdington, wata unguwar daban a garin, hawa na shida, suna ta matsa masa ya sayar. Shi ya ce sai dai a fitar da gawarsa. In aka sauko da gidan, za a mayar masa da rarar da ya biya a shekarun baya, ta isa gyaran rufi, samarin su rasa abin kafa hujja.

Ni ne surukin da ake kira Dakta, ko da yake karatun nawa a kan cututtukan dawa ne. Saboda haka aikin ya faɗo kaina. Mako uku na yi ina haɗa takardar ƙorafi, shafi goma sha ɗaya, kowane sakin layi da lambarsa, irin aikin da na saba sa wa jan biro lokacin da nake koyarwa a Zariya. Ginshiƙin hujjata a shafin farko yake: gida ne mai ɗakin kwana biyu a sama, falo da kicin a ƙasa, daidai da na maƙwabta babu ragi babu ƙari. Baba ya sa hannu bai karanta ba. Ofishin ƙiyasin gidaje ya amsa cewa za su turo jami'a ta duba gidan ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Mun tashi da asuba daga Gorton, unguwarmu a Manchester, ni da wani maƙwabcina, ɗan Ghana kamar Baba, wanda zai kai doya wani shago a Birmingham ya ce in zo mu rage wa juna hanya. Matata ba ta samu hutu a gidan kula da tsofaffin da take aiki ba. Motar maƙwabcin nawa ta girmi babban ɗana, abin ɗumama cikinta kuma yana aiki ne ta ɓangaren direba kawai. Ana yayyafi irin na Manchester, wanda ba ya isa a kira shi ruwa amma ya isa ya jiƙa mutum har ƙashi. Muka ratsa layukan jan bulo, gidaje manne da juna kamar haƙoran mataji. Tun da na fara wannan aikin na kamu da wata cuta: ba na iya ganin gida ban raɗa masa harafi a zuci ba. Wannan A, wancan B, wancan mai sabuwar ƙofa yana jin kansa C ne amma ƙarya yake.

Babbar hanyar M6 ta karɓe mu da abin da ta saba. Mil bayan mil na jajayen robobin tare hanya, babu ma'aikaci ko ɗaya a bayansu. Tun zuwana ƙasar nan ake gyaran hanyar nan, na kuma fara zargin gyaran ne sana'ar, hanyar kuwa dalili ce kawai. Wajen Stafford muka tsaya a wurin hutawar matafiya. Na sayi shayi kusan fam biyu, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Abokin tafiyata ya dube ni da tausayi, ya buɗe but ɗin motar ya ciro fulas na koko da ƙosai a naɗe cikin takarda.

"Ku 'yan Najeriya ke nan," in ji shi. "Ga takarda shafi ashirin a hammata, babu ko loma ɗaya a jaka."

Na ce goma sha ɗaya ne. Ya ce ai shi ke nan, sai in ci su.

Da muka kusa, na ba shi shawarar mu bi sabuwar hanyar da ake biya, don kada mu makara. Ya ce shi bai taɓa jin inda aka biya haraji a hanyar zuwa rage haraji ba. Wannan aƙida tasa ta ci mana minti hamsin a cunkoso, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa, har muka kai mahaɗar nan mai hawa-hawa da suka raɗa wa sunan taliya. Daga nan muka sauka Erdington domin a ajiye doya. Babban titinsu cike yake da shagunan gwanjo na sadaka da tsofaffi masu jan jakar cefane. Doyar da ake sayarwa a kasuwar Gorton na ga an ɗora mata kusan rabin fam a nan, don kawai ta sha iskar M6. Ina jiran a gama sauke kaya na ɗaga kai na ga dogayen benaye can gefe. Ban san wanne ne samarin suka zaɓa ba. Na ƙirga hawa shida a ɗaya daga ciki, na yi ƙoƙarin ganin Baba a bayan tagar, da carbinsa da ciwon gwiwarsa, yana jiran lif ɗin hawa bene ya gyaru kafin ya sami jam'in Azahar. Na sauke kaina.

Small Heath kuwa tana nan yadda na san ta: mahautan halal, ƙanshin gasasshen nama da turare, Somaliyawa da Pakistanawa da namu kowa na jan motarsa a inda babu hanya. Abokin tafiyata ya sauke ni a bakin layi ya ce zai dawo bayan La'asar.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da ni da gidan nan. Shekara tara ke nan da aurena, na zo gidan ya fi a ƙirga, amma ban taɓa wuce falon gaba ba. In na shigo, in cire takalmi a ɗan lungun bakin ƙofa, in karkata hagu, in durƙusa in gaida Baba, in zauna a kan darduma kusa da ƙofa. Ba na cin abinci a gabansa, sai dai a zuba mini a roba in tafi da shi. In alwala ta kama ni, akwai masallaci a ƙarshen layi. Babu wanda ya taɓa hana ni shiga. Haka dai na ga iyayena suna yi da surukansu, Baba kuma yana yawan gaya wa 'ya'yansa cewa su dubi Dakta su koyi kunya.

Ina buɗe ƙofa warin fenti ya tare ni. A bangon falo, ƙarƙashin taga, akwai wani tabon danshi mai girman faifai wanda na ɗauki hotonsa ta fuska uku, na gina sakin layi na bakwai zuwa na goma sha biyu a kansa. Babu shi. Bango ya yi fari tas. An canza labule, an shimfiɗa wani kafet da na tabbata na aro ne, Baba kuwa yana zaune cikin babbar rigar Idi.

Bayan gaisuwa na sunkuyar da kai na ce, "Baba, kamar na ga an yi fenti."

"Baƙuwa ce za ta zo, Dakta. Gwamnati ce fa da kanta. So kake ta koma ta ce ta shiga kango?"

Ina da amsa mai sassa uku. Na ce, "Haka ne, Baba."

Jami'ar ta iso sha ɗaya daidai, mace mai matsakaicin shekaru, kwat ɗinta a jiƙe, fuskarta irin ta wadda ta riga ta shiga gida huɗu tun safe. Ta cire takalmi ba a roƙe ta ba, abin da ya sa nan take Baba ya ba ta matsayin 'ya. Ta tambaye shi yadda yake ganin gidan. Wannan ce tambayar da na yi mako uku ina shirya wa amsa. Baba ya gyara zama ya ce, "Alhamdulillahi, madam. Very good house. Strong house." Ya ƙara da cewa ko a Kumasi ana labarinsa.

Na yi gyaran murya na miƙa mata hotunan danshin. Ta duba su da ladabi, ta dubi farin bangon, sannan ta bayyana mini cewa ko tabon yana nan ba zai canza komai ba, domin doka tana ɗauka kowane gida a gyare yake. Abin da ake dubawa shi ne girma da fasali da unguwa. Haka sakin layi shida suka rasu a gabana babu ko salati. Na lallashi kaina da cewa shafin farko yana nan da ransa.

Ta nemi izinin zagaya gidan. Baba, wanda ke ɗaukar minti guda kafin ya miƙe daga kujera, ya yi zumbur kamar saurayi ya shige gaba. A bakin ƙofar falo ta waiwayo ta tambaye ni ko zan biyo su. Na dubi Baba, na dubi lungun da ya miƙe zuwa cikin gida, inda surukata take da tukwanenta da shanyarta. Na ce zan jira a nan.

Na zauna ni da warin fenti. Na ji takunsu a matakala, na ji sun sauko, na ji an buɗe wata ƙofa, an buɗe wata. Muryar Baba tana ta nisa, yana bayani da ƙarfin da ban ji daga bakinsa ba tun bikinmu. Minti ashirin da biyar suka yi. Na ɗora laifin a kan labaran Baba, domin mutum ne da zai iya ba da tarihin ƙusa.

Da suka dawo an yi ɗan artabu a kan robar wake da shinkafa da surukata ta aiko mata. Ta ce aikinta bai yarda ta karɓi kyauta ba, Baba ya ce wannan ba kyauta ba ce, abinci ne. A ƙarshe aka sasanta a kan kofin shayi. Tana sa takalmi ta tambaye ni ko ni na rubuta takardar. Na ce ni ne. Ta ce na taɓa zuwa gidan kafin yau? Na ce shekara tara ina zuwa. Ta dube ni ɗan lokaci, ta rubuta wani abu gajere, ta ce za mu ji daga gare su a rubuce.

"Ka gani?" in ji Baba bayan ta fita. "Gidan ya burge ta. Allah ya yi maka albarka, Dakta. Yanzu yaran nan sai su nemi wanda za su kai bene."

Na ce amin. Ban iya ɗaga ido ba, amma wannan ba sabon abu ba ne a falon.

Ƙarfe huɗu duhu ya fara rufawa. Robar da jami'a ta ƙi ita aka ba ni, muka cinye ta ni da abokin tafiyata a cikin mota kafin mu hau hanya, da yajin shito mai sa hawaye, wanda ya zo mini a kan gaɓa. Komawar ta fi zuwan tsawo. Jajayen fitilu a jere har iyakar gani, abin share gilashi yana kuka, ƙafafuna sun daskare. Ya tambaye ni ko mun ci nasara, na ce ana dubawa. Ya ce haka likita ya gaya wa kawunsa.

A wannan cunkoson na tattara darasin tafiyar, kamar yadda ya kamaci tsohon malami. Na ce a raina, tsarin nan an gina shi ne domin mutanen da za su iya tsayawa gaban baƙo su kushe gidansu. Mu kuwa an raine mu a kan rufin asiri. Bahaushe zai kwana ruwa na ɗiga masa a ka, da safe ka tambaye shi gida ya ce sai godiya. In har aka ƙi ƙorafin nan, fenti ne da babbar riga da alhamdulillahi suka kayar da mu, ilimi kuwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Na ji daɗin wannan bayani har na ƙudurta zan gaya wa samarin shi da kaina.

Mun shigo Gorton bayan Isha. Matata ta riga ni dawowa da kaɗan, ko kwat ba ta cire ba. Na zube a kujera na fara karanta mata darasin. Tana saurare ta ɗauki takardar daga kan tebur, karo na farko, don ban taɓa ba ta ba, ita ma ba ta taɓa nema ba. A shafin farko ta tsaya.

"Baban yara, wa ya ce maka ɗaki biyu ne?"

Na ce ai duk layin haka yake.

"Ta gaba kam, haka yake," in ji ta.

Gidan ɗaki huɗu ne. Baba ya ƙara biyu da banɗaki ta baya, tun kafin a yi ƙiyasin.