Idirisa da rinin da bai son rana

Idirisa ɗana na fari ne, kuma tun yana ciki bai san zama ba. Ya yi rini a Tsibiri har hannunshi ya koma shuɗi, ya bari. Ya tafi Jiratawa noman tamakka, zogale ke nan, ya bari. Yanzu kabu-kabu yake yi cikin Maraɗi. Abu guda ya riƙe bai saki ba, lakwal ɗin ɗiyarshi Raihanatu, wato karatunta.

Ita ma rini take yi a iniversite, amma ba na zane ba. Wai jikin kowa akwai wani zare da ido bai gani, adeyen suke ce mishi. Sai a ɗiga mishi rinin, a haska fitila cikin duhu, ya kama ƙyalli. In gefen zaren akwai ruwa, ƙyallin daban, in wurin a matse yake, daban. Da haka suke sanin abin da ke kewaye da shi.

Kwalba guda ta rinin nan aka aiko mata daga waje, kamar ɗan yatsa, kuma da ita za ta gama karatu bana. Ta ce uban ya amso a tasha.

To marini fa bai yarda da launi sai ya gan shi a rana. Ya ga an naɗe kwalbar da baƙar takarda, ya kware. Ya ɗaga sama, ya juya, ya girgiza. Ruwa fari! Ya ce bai nuna ba. Ya dawo gida ya ɗora kan katanga, yana kai da kawowa har la'asar.

Da ta iso ta ce, "Baba, ina takardar?"

"Na shanya miki shi, 'yar nan. Sun cuce ki, ɗanye suka aiko."

Ta zauna ƙasa daɓas. Ashe haske ke kashe shi.

Shekarar ta wuce ta, abokanta suka gama suka bar ta. Yanzu duk alhajin da ya ɗauko kan moto sai ya tambaye shi, ko Kano akwai rinin da ke haske cikin duhu? Jiya ma ko tuwo bai tsaya ci ba, wai wani ya dawo daga Kwatano, zai je ya tambaye shi.