Ilyasu Da Jimlolinsa Arba'in Da Uku

Kafin mu shiga kuka, ku amsa mini wannan. Wane gida ne siriri da ƙato suke samun ɗaki faɗi ɗaya, ba a rage wa wannan ba, ba a ƙara wa wancan ba? Kada ku ce kabari. Na ga ginar kabari ba iyaka, mai jiki sai an buɗa masa. Ku riƙe tambayar, za mu dawo kanta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Agusta 2007, da hantsi, Allah ya karɓi ran jikana Ilyasu Cindo a nan Malbaza, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Shekararsa talatin da shida. Ni Tsahara, kakarsa ta wajen uwa, nake wannan rubutu da hannuna. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in kun ga karkata ku yi haƙuri, mai gyara mini shi ne ya tafi.

Ilyasu, mijina, ka yi mini rashin kunya. Ni ce a gaba, ka tsallake ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai buga takardu a wata ƙungiyar koyar da manya karatu. Ba zan ambaci sunanta ba, bakina ya ƙi. Shekara takwas yana buga littattafan koyo da keken rubutu, sannan ya bi shafi shafi da biro yana yi wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiya. Da kwamfuta ta zo buronsu, wato ofishinsu, sai ya yi murna, amma haruffanta suna matse juna, tsofaffin Tajaye da Dogarawa da ke bin harafi da yatsa suka riƙa ɓacewa a tsakiyar kalma. Ya yi ta nema a gidan intanet na Ƙonni har ya samo wasu haruffa da masu aikin sa kai na ƙasashen waje suka yi kyauta, masu tafiya a jere kamar na keken rubutu, da ƙugiyoyinsu. Sai dai kafin su shiga kwamfuta, tana yi wa mutum tambayoyi da bayani da Faransanci. Masu abin suka ce masa in ya rubuta na Hausa ya aiko, za su haɗa a ciki, duk mai jin Hausa a duniya ya samu.

Jimla arba'in da uku ce. Ya yi wa kansa doka: babu wadda za ta wuce sai ta bi ta kunnena. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo da goro da takarda ɗaya, ya zauna bakin turmina yana karantawa ina ƙulla daddawa.

Ranar farko ya karanta: “Ana aiwatar da girkawa.” Na ce, “Wa ka girki? Injin naka tuwo shi ka yi?” Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya mai da ita: “Ana saka haruffan, a ɗan jira.” Na ce to, yanzu ka yi magana kamar ɗan mutane. Na kuma ce masa baƙon da ya faɗo gida babu sallama ba baƙon kirki ba ne. Shi ya sa jimlarsa ta farko take cewa: “Salamu alaikum. Za a saka sababbin haruffa a wannan kwamfuta. An yarda?”

Wadda ya fi daɗewa a kanta ita ce ta goma sha bakwai: “Akwai tsofaffin abubuwa a nan. In an goge su ba za su dawo ba. A bar su, ko a goge?” Ya dage sai amsar da ke jiran yatsa ta zama “A bar su”. Ya ce mini, “Tsohuwa, mutanenmu ba su karatu, dannawa kawai su ka yi. In mutum ya danna da gaggawa, gara ya tarar da kayansa.” Haka yake a komai. Ko tsohuwar tabarma ba ya yarwa sai ya tambayi mai ita.

Yanzu ga abin da ya hana ni cin tuwo da daɗi.

Ranar addu'ar uku, shugaban ƙungiyar, Mushe Takama, wato Malam Takama da Faransanci, ya zo da babbar riga mai sitaci da turaren da ya sa jaririyar maƙwabta atishawa. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci, yana cewa shi ya ɗora marigayi a kan wannan aiki. Mutumin da sau ɗaya bai taɓa tambayar Ilyasu ina aka kwana ba! Ya ci shinkafar sadaka faranti biyu, ina kallo ta kafar zana. Washegari, ƙasar kabari ba ta bushe ba, ya ɗauke kwamfutar Ilyasu ya kai ɗakinsa, wai babba ya kamata ya riƙe ta. Ya so ya sabunta ta da kansa. Ta yi masa tambaya da Faransancin nan da yake yi mana fankama da shi, bai karanta ba, ya danna “wi”, wato ya yarda a goge. Komai ya tafi. Littattafan koyo shida, da jimlolin Ilyasu duka.

Da Hawa'u, abokiyar aikin Ilyasu a buro, ta tambaye shi, sai ya ce, “Haba, ƴan kalmomi ne hwa. Sai a bar na Faransancin, ai ya fi tsabta.” Tir. Na ga mai raba kayan mamaci kafin a wanke shi, amma ban taɓa ganin wanda ya share maganar mamaci sannan ya kira ta datti ba.

To, kada in zagi Takama ni kaɗai in fita wankakkiya. Ilyasu, ka ji wannan, don ban faɗa maka kana raye ba. Aikin nan ya ƙare tun kafin ruwan farko. Jimla ɗaya ta rage, wadda ke bayyana wa mutum ko waɗanne irin haruffa ne. Ka karanta mini ita, na ji ta sarai, ta yi daidai. Amma na san ranar da na ce ta yi, Juma'ata ta ƙare. Sai na murguɗa baki na ce, “Ban gane ba, koma ka sake.” Juma'a bakwai ina yi maka haka don in ga fuskarka in ci goronka. Kai kuma ka ƙi aikawa sai tsohuwa ta yarda. Da na yarda, da tuni tana can hannun masu abin, inda yatsan Takama ba ya kaiwa. Takardun da kake bar mini kuwa, duk na naɗe daddawa da su, sun bi kasuwar Dogarawa. In na tuna wannan, ƙyamar da nake ji ba ta Takama ba ce kaɗai.

Bayan addu'ar bakwai Hawa'u ta zo da littafi da biro, idonta ja. Ta ce, “Iya, masu abin sun rubuto, ƙarshen watan nan za su rufe. In babu na Hausa, sai wata shekara, in akwai mai yi. Mi kika tuna?” Na ce, “Zauna inda shi ka zama.” Tana karanta na Faransancin tana gaya mini abin da yake nufi, ni kuma ina jawo na Ilyasu daga kaina, da muryarsa, har da wurin da yake tsayawa ya kalle ni. Ashe faɗan da muka yi a kan kowace jimla shi ya dasa ta. Waɗanda na yi masa gardama a kansu duk sun zo. Kwana biyar muka yi, muka samu talatin da tara.

Huɗu sun ƙi, waɗanda na amince da su tun karon farko. Hawa'u ta ce mu ƙirƙira, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Ba zan sa wa jikana magana a baki yana kabari ba. Ita ta rubuta nata huɗun, ta sa sunanta a kansu, sauran kuma sunansa. Ranar Laraba na shiga taksin daji, motar hayarmu ta ƙauye, ni da ban je Ƙonni ba shekara tara, na zauna gefenta a gidan intanet. Da kwamfutar ta tambaya ko a aika, na ce ta karanta mini tambayar tukuna, daga farko har ƙarshe. Sannan ta kama yatsana na danna.

Allah ya jiƙan ka, Ilyasu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa tambayoyin da za a yi maka su zo da sauƙi kamar yadda ka sauƙaƙa wa mutane naka. Ina yi wa matarka Saratu gaisuwa, da ƴaƴanka Sahiya da Wada, da ɗiyata da ta haife ka, da malaman karatun manya na Tajaye da Dogarawa. Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma ka yafe mini Juma'o'in nan bakwai.

Amsar tambayata ita ce jimlar da na riƙe maka, kuma ta yi daidai tun ranar farko. Ga ta yadda ka rubuta: “Waɗannan haruffa ne masu faɗi ɗaya. Wurin da i yake ci, shi m yake ci. Babu mai matse wani.”