Ƙyallayen da Aka Sauya Mana a Dajin Doguwa

Mun tashi da asuba ranar Juma'a daga Kano, mu shida a bas ɗin haya, ana yayyafi. Mu ne kwamitin wata ƙaramar ƙungiyar masu gudun motsa jiki, kuma bana muka ɗauko wa kanmu aiki: gasar gudun kilomita talatin a cikin duwatsun Doguwa, a tsakiyar damina. Bayan motar cike yake da ruwan leda da ayaba da akwatin magani, sai buhun jajayen ƙyallaye da tela ya yayyanka mana don alamar hanya. Babban cikinmu wani dattijo ne, malamin makaranta da ya yi ritaya. Ya haura sittin, amma har yanzu yana barin samari a baya.

Ta wajen Bebeji dawa ta rufe gefen titi biyu, kore shar. A Kwanar Dangora muka tsaya shan shayi da ƙosai. Mai gasa masara ta ce ɗari biyu-biyu, da ta ji abin da zai kai mu Doguwa sai ta ƙara mana ɗaya kyauta, ta ce tausayi muka ba ta. Bayan Tudun Wada fadamun shinkafa suka ƙare, muka shiga dajin Falgore. Waya ta ɗauke. Direba ya kashe rediyo ba wanda ya sa shi, sai ƙarar taya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta har muka fita.

A wani ƙauye gaba da Doguwa muka sauka. Muka zube muka gai da mai unguwa, ya ba mu ajin firamare mu kwana, ya haɗa mu da wani maharbi ɗan sintiri, mutum mara yawan magana. Bayan sallar Juma'a muka rarrabu ɗaurin ƙyallaye. Ni da dattijon da maharbin muka ɗauki ɓangare mafi nisa, inda hanya ta ratsa wani kufai, wato tsohon gari da mutane suka tashi suka bari, sannan ta bi gefen wani tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika. Ruwan kore ne, ba ya ko motsi. Na jefa dutse don in ji zurfinsa, maharbin ya ce, "Malam, a bari." Na bari.

An kwana ana ruwa. Da safe 'yan gasa suka iso, mutum arba'in da ɗaya har da dattijonmu. Ƙarfe bakwai aka busa usur. Aikina shi ne in bi bayan kowa, ina kwance ƙyallaye, ina tabbatar da ba a bar kowa a daji ba. Taɓon wurin ja ne mai danƙo, kowane taku sai ka roƙe shi ya sakar maka takalmi. Wani ɗan banki da ya zo da fararen kaya ya zame sau uku kafin ya fita daga gonakin masara, manoma na tsaye da fartanya suna masa sannu suna ƙunshe dariya.

Da muka hau dutse sai gajimare ya sauko ya rufe mu, ba na ganin abin da ya wuce taku ashirin. A mararrabar da ke kusa da kufan na tsaya. Jiya da hannuna na ɗaura ƙyallaye a hanyar hagu. Yau ga su a jere a hanyar dama, wadda ba mu taɓa bi ba. Na taɓa ɗaya. Ba ɗaurina ba ne. Wani irin ƙulli ne da ake ja sau ɗaya ya warware, irin wanda makiyaya ke yi wa maruƙa. Sawun 'yan gudu duk ya bi dama, ni ma na bi. Hanyar ta yi zagaye mai tsawo ta bayan dutse, ta dawo ta haɗe da tamu daidai wurin shan ruwa na uku.

Matar da ke riƙe da takarda a wurin ta ce mutum arba'in ne suka wuce. Muka sake bin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ne babu.

Nan na gane abin da ya faru. Shi ya san hanyar jiya, da shi aka ɗaura, ba zai tsaya duba ƙyalle ba, hagu ya bi. Maharbin yana wurin da babur ɗinsa, ya ɗauko igiya, na hau bayansa, muka koma. Babur ya kafe tun kafin mararraba, muka jingine shi muka ci gaba da ƙafa ta hagu. Sawun takalmi ɗaya ne tak a taɓon. A cikin kufan, katangun ƙasa sun narke rabi, kabewa ta haye su, ga wani turmi a kife. Ba kukan tsuntsu, ba na kwaɗo, a damina, a daji. Na ƙwala kira, "Malam!" Muryata ta daki dutse ta dawo mini. Maharbin ya nuna ƙasa da bakin sandarsa. Kusa da sawun takalmin akwai wani sawun, ƙarami, ba takalmi, ya fito daga wajen ramin ya nufi mararraba. Na tambaye shi ko akwai ruga kusa. Ya ce rabon da a zauna a nan an fi shekara goma.

Da muka iso bakin ramin sai na tsaya cak. Hanyar da muka taka jiya babu ita. Ruwan dare ya zaftare gefen gaba ɗaya, ƙasar ta gangara cikin koren ruwan. Can ƙasa, a tsakiyar zaftarewar, ga dattijonmu taɓo ya riƙe shi har ƙugu, ya buɗe hannaye kamar mai shanya, leɓensa na motsi. Da mutum arba'in sun biyo nan a guje cikin gajimaren nan, ban san me zan faɗa wa iyalansu ba.

Maharbin ya ɗaure igiya a jikin wata ɗorawa, ya kwanta rubda ciki ya jefa masa. Sai a jifa na huɗu ya kama. Muka ja, taɓon na ja, ƙasa na ci gaba da gutsurewa a ƙarƙashin gwiwoyina. Ya fito ba takalmi ko ɗaya, a jiƙe sharkaf. Na cire rigata na lulluɓa masa.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Ina matar?"

"Wace mata, Malam?"

"Wadda ta kira ku. Tana tsaye can ƙetare da ƙwarya a ka. Ina ta mutsu-mutsu ina ƙara nutsewa, ta ce, 'Baba, daina motsi, buɗe hannunka, suna zuwa.' Sai ta juya."

Muka dubi ƙetaren. Dutse ne a miƙe, ba wurin da akuya ma za ta tsaya. Maharbin ya naɗe igiyarsa, ya ce mu bar wurin kafin la'asar.

Mun iske an gama gasa, wani ɗan ƙauyen da ya yi gudu da takalmin roba ya cinye, ana ta rabon dafaffiyar masara. Na ja mai unguwa gefe na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya sauya mana ƙyallaye? Godiya muke so mu yi." Ya sa aka tambayi 'yan sintiri, aka tambayi mata masu kawo nono daga rugagen da ke arewa da gari. Kowa ya ce ba shi ba ne. Wata tsohuwa cikinsu ta karɓi wani ƙyalle da na karyo da reshensa ta juya ƙullin, ta ce ɗaurin nasu ne, amma ba ta san hannun ba. Mai unguwa ya ce, "To, ku gode wa Allah. Wanda ya yi bai nemi a san shi ba."

Lahadi da hantsi muka kamo hanyar gida, dattijon na gaba da silifas ɗin aro. Na shigo gida bayan azahar, yara suka ƙi yarda in taka tabarma sai da na yi wanka sau biyu.

Abin da na koya ba shi da yawa. Hanyar da ka duba jiya ba ita ce ta yau ba idan an kwana ana ruwa, dole wani ya sake taka ta da safe kafin a busa usur. Kuma mun shiga dajin nan da taswira a waya muna ganin mu ne masu shiri, alhali akwai wanda ya tashi kafin mu ya gyara mana kuskurenmu.

Ranar Litinin dattijon ya kira ni. Ya ce ya sayi turmin atamfa, yana so in raka shi mu nemi matar, ko ruga nawa ne za mu bi. Na ce masa to, amma sai ƙasa ta bushe, kuma da rana tsaka.