Ranar da Na Duba wa Kawu Ƙasa

Shekarar da ambaliya ta cinye albasar kawuna a fadamar Goronyo, ina ɗalibin jami'a, ina ɗibar ƙasa a gangaren tuddan da ke tsakanin Wurno da Rabah. Yankin nan teku ne a da, kuma a cikin ƙasarsa akwai kwanson wasu halittun ruwa da ba su kai ƙwayar gero ba. Aikina in wanke, in tace, in leƙa ta madubin ƙara girma.

Da maƙwabta suka tambaye ni abin da nake yi, sai na ce duba ƙasa nake. Ban auna kalmar ba. A wurinmu, mai duba ƙasa shi ne mai zana yashi ya faɗi gaibu.

Washegari da hantsi sai ga Kawu, wanda tun bayan ruwan yake cewa shi da noma har abada. Ya zauna, ya rage murya.

"Ɗana, an ce kana duba. In sake dashe, ko in sai da gonar?"

"Kawu, ba irin wannan duban ba ne."

"Duk haka su ka cewa. Mi ka gani?"

Na faɗa masa gaskiya. A shimfiɗar ƙasa ta can ƙasa, kwanson halittun manya ne a madubi, iri-iri. Sai a zo wani layi inda kusan babu kome, domin wata halaka ta shafe yawancin masu rai a duniya. A samansa sai 'yan mitsi-mitsi, jefi-jefi. In aka ƙara hawa, sun sake cika, har da sababbin iri.

"Wa yad dasa su?"

"Babu kowa. 'Yan kaɗan da suka tsira ne suka yaɗu."

"Ashe iri bai ƙarewa." Ya miƙe yana laluben takalmi.

Da a nan na tsaya, da na huta. Amma boko ya motsa.

"Kawu, su fa sai da suka yi miliyoyin shekaru."

Ya dube ni da tausayi.

"Yo su suna da injin ban-ruwa?"

A makon ya yi dashe. Bayan an cire albasa ya aiko min buhu guda, wai sadakar malam. Yau shekaruna hamsin, ina koyar da ɗalibai kada su faɗi abin da ƙasa ba ta faɗa ba, kuma har yanzu ban tabbatar ko buhun nan ya halatta gare ni ba. Mun dai cinye shi.